Amsoshin Tambayoyinku: In sayar da akuyata in shiga kasuwancin "kawo mata biyar"?

TAMBAYA:  Ni matar aure ce a wani ƙauye na gundumar Korgom, ɗiya huɗu gare ni. Maigidana manomi ne, da an gama girbi yakan tafi ci-rani Najeriya sai gab da damina. Ina ɗan taɓa sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma abin ba ya isarmu. Kwanan baya ƙanwar maigidana da ke aure a Tasawa ta zo mini da wata hanya. Wai wani kamfani ne na ƙasar waje mai sabulu da man goge baki da shayi da ƙwayoyin ƙarin lafiya. In na biya jaka 60 za a ba ni kaya da lambar rajista in riƙa sayarwa daga ɗakina, kuma in na kawo mata biyar suka shiga ta hannuna, su ma suka kawo nasu, kuɗi zai riƙa shigo mini ko ina barci. Ba ni da jaka 60 sai dai in sayar da akuyata da ƴaƴanta biyu. Ina jin nauyin ƙanwar mijina, kuma ina tsoron kada a ce arziki ya zo har ɗaka na kore shi. Me kike gani?
Daga wata mai karatu, Korgom.

AMSA:  Allah ya raya zuri'a, ya dawo da maigida lafiya. Shawarata ita ce ki bar akuyarki a turkenta. Amma tunda ba ke kaɗai wannan magana ta iske ba, daga Tasawa har Mayahi da Maraɗi, bari in warware miki dalilina a tsanake, yadda za ki samu abin faɗa wa ƙanwar mijinki ba tare da an ɓata ba.

Abu biyu aka ɗaure miki a ƙunshi ɗaya. Na farko, sayar da kaya daga cikin gida ga mutanen da suka san ki. Na biyu, jawo wasu su biya kuɗin shiga don a ba ki kaso daga ciki. Masu tallar irin wannan kamfani da na farkon suke buɗe baki, domin kowa ya yarda da shi. In kika saurare su har ƙarshe kuwa, za ki ji duk alkawarin mota da kujerar Makka da gidan siminti a kan na biyun yake rataye.

Na farkon ba baƙonmu ba ne, kina ma cikinsa tuni. Wata baturiyar Ingila masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, kuma a 1969 ta yi rubutu a kan ɓoyayyen cinikin ƙasar Hausa. Ta nuna cewa hatsi da mai da dafaffen abinci da ke yawo tsakanin gidaje, ta hannun matan kulle da yaran da suke aike, ciniki ne babba wanda mai ƙirga rumfunan kasuwa kaɗai ba zai taɓa gani ba. Su ma Turawa suna da nasu. Kamfanin Avon ya faro a Amurka a 1886, daga wani mai tallar littattafai gida-gida da ya lura matan gida sun fi ɗokin turaren da yake ba su kyauta a kan littattafan, sai ya koma turare, ya ɗauki mata suna kai wa maƙwabtansu. A shekarun 1950 kamfanin Tupperware ya riƙa sa mace ta tara ƙawayenta a falonta ta nuna musu robobin ajiyar abinci. Duk wannan dillanci ne tsagwaronsa: kaya ya fita, mai amfani da shi ya biya, dillaliya ta ɗauki ladanta. Daga baya ne aka ɗora wa abin hawa-hawa, na sama yana ci daga na ƙasa, kuma kamfanin Amway da aka kafa a 1959 na cikin waɗanda suka yaɗa wannan salo a duniya.

To, mu yi lissafin hawan nan, ko da tsinke ne a ƙasa. Ke kin kawo 5. Kowace ta kawo 5, sun zama 25. Hawa na uku 125, na huɗu 625, na biyar 3,125. A hawa na bakwai ana neman sabbin mutane 78,125, a na goma kuma 9,765,625. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi kaf mutum kusan miliyan 3 da dubu 400, har da jarirai da tsofaffi. Kin ga tun kafin a cika hawa na goma mutane sun ƙare. Kuma duk inda aka tsayar da lissafin, kusan mutum 4 cikin kowane 5 suna hawan ƙarshe ne: sun biya, ba kowa a ƙarƙashinsu. Za a ce musu ba su yi ƙoƙari ba, alhali tsarin ne ba zai yiwu kowa ya ci ba. Sai ki tambayi kanki a wane hawa kike. Maganar da ta taso daga wata ƙasa, ta sauka Yamai ko Kano, ta biyo Maraɗi, ta kwana Tasawa, sannan ta iso ƙauyenku, ba a samanta za ki tsinci kanki ba.

Sannan su wane ne matan nan biyar? Faccalarki ce, da ƙawarki ta ƙuruciya, da maƙwabciyar da kike aron turminta, wataƙila da ƙanwarki uwa ɗaya uba ɗaya. Su ne za su yarda, don sun amince da ke. Mutumin birni in abu ya ɓaci sai ya sauya lambar waya ya koma wata unguwa. Ke kuwa da matan nan za ki ci gaba da haɗuwa a bakin rijiya da gidan suna da zaman makoki har iyakar rai. In kowace ta rabu da dabbarta saboda maganarki kuma kuɗin bai dawo ba, ba kamfanin za su tuhuma ba, don ba su san fuskarsa ba. Wannan ya fi jaka 60 ɗin tayar mini da hankali.

Yanzu a ce ba ki nemi kowa ba, kin tsaya kan sayar da kayan kawai. Wa zai saya? Sabulun irin waɗannan kamfanoni yakan ninka sandar sabulun kasuwa kuɗi sau da yawa, domin a cikin farashinsa ake cusa kason duk waɗanda ke sama da ke. Matar da ke ƙirga dala-dala kafin ta haɗa magi da gishiri da kuɗin niƙa ba za ta saye shi sau biyu ba, ko da ta saya sau ɗaya don kunyarki. Kuɗi a yankinku da kaka yake shigowa, in an sayar da wake da gyaɗa da riɗi. Da an shiga bazara rumbu ya fara sauka, kowa hatsi yake nema. Masu albashin wata, malaman makaranta da ma'aikatan likita, ba su da yawa, kuma mai yiwuwa an riga ki zuwa wurinsu. Ga shi da yawa daga kamfanonin nan suna da sharaɗin sai kin sayi kaya na wani adadi kowane wata kafin a lissafa miki kasonki. Ta haka mai sayarwa take komawa ita ce mai saye. Na sha shiga ɗakunan mata in ga kwalayen nan jere a saman kabad bayan kwanonin aure, ƙura ta lulluɓe su, zafin Afrilu ya narkar da man shafawar ya yi ruwa, kwanan watan da ke gindin kwalba ya wuce, mai ɗakin kuma ba ta son a ɗaga maganar.

Ba na cewa duk kamfanin da ke wannan tsari ɓarawo ne. Wasu kayansu na da kyau, kuma akwai ƴan ƙalilan da suka samu, galibi waɗanda suka shiga da wuri a manyan birane. Amma ki ji yadda hukumomi suka yi fama da abin a inda ya fito. A 1979 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yanke cewa Amway bai karya doka ta wannan fuska ba, kuma hujjarta ita ce kamfanin yana da ƙa'idar karɓar kayan da suka ƙi sayuwa, da ƙa'idar sai wakili ya sayar wa masu saye na gaske kafin ya ci kaso. A 1998 ƙasar Sin ta hana wannan kasuwanci ɗungurungum, da ta sake buɗe ƙofa a 2005 kuma ba ta yarda da hawa-hawan ba. A 2016 hukumar nan ta Amurka ta sa kamfanin Herbalife ya biya dalar Amurka miliyan 200 don a rage wa wakilansa asara, ta kuma tilasta masa ya ɗora ladan wakili a kan cinikin da aka tabbatar. Tambaya ɗaya duk suke yi: kuɗin daga aljihun mai amfani da kaya yake fitowa, ko daga aljihun sabon shiga? Akwai kuma waɗanda ko kayan babu, kamar MMM da ta yi wa ƴan Najeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Ki tambayi maigida, da wuya bai ji labarinta a wurin ci-rani ba.

Ta ɓangaren addini, kwamitin fatawa na dindindin na ƙasar Saudiyya ya haramta irin wannan tsari a 2004. Dalilinsu shi ne mai shiga kason yake hange, kayan lulluɓi ne kawai, don haka abin ya koma ba da kuɗi don a samu kuɗin da ya fi shi, ga rashin tabbas, ga cin dukiyar na ƙasa. Sun bambanta shi da dillanci, inda ake biyan dillali don ya sayar, ba shi ke biya don a bar shi ya yi dillanci ba. Akwai malaman da suka sassauta bisa sharuɗɗa, saboda haka ki kai wa malamin da kika amince da shi maganar dalla-dalla, har da batun mata biyar ɗin, kada a tsaya kan sabulu kaɗai.

Ita kuwa ƙanwar mijinki, kada ki ɗauke ta macuciya. Mafi yawa ita ma ta biya nata, na samanta na matsa mata, kuma da zuciya ɗaya take ganin alheri ta kawo gidan yayanta. Ki tarbe ta da fara'a, in an ci an sha ki tambaye ta: watan jiya nawa ya rage a hannunta daga cinikin waɗanda ba ƴan kamfanin ba, bayan ta cire kuɗin mota zuwa taro da katin waya da kayan da aka sa ta saya? In kaya ya ƙi fita, kamfanin na karɓa ya mayar da kuɗi, kuma a rubuce yake? Ina ofishinsu, da wace takardar izini suke aiki a Nijar? Daga nan ki ce mata: "Ba ni da jaka 60 yanzu, amma bar mini sabulu biyar da man goge baki biyar in gwada miki a nan, duk wanda ya fita ki ba ni ladana, wanda ya rage in mayar miki." Ba ki ƙi ta ba, ba ki kuma fitar da ko dala ba. In kayan na da kasuwa a ƙauyenku, wata guda ya isa ya nuna. In aka ce sam ba a yin haka sai da rajista, to kin gane abin da ake sayarwa.

Ƙwayoyin ƙarin lafiyar nan kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki tallata su da sunan magani. A tarukansu akan ce suna warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, alhali irin waɗanda ake yi a Amurka, a jikin kwalbar ma akan rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ba a yi su don warkar da wata cuta ba. Tsohuwar da ta ajiye maganin hawan jinin da likita ya ba ta ta koma shan shayinki, in ta faɗi, alhakin zai yi miki nauyin da babu ribar da za ta sauke shi.

To me za ki yi, tunda buƙatar da ta sa kika rubuto tana nan? Fara da duba abin da ke hannunki. In akuyarki ja ce irin ta Maraɗi, wadda ƙasar Tasawa ta yi suna da ita, kin san tana yawan haihuwar tagwaye, ga nono ga taki, kuma ranar da yaro ya kwanta ciwo ita ce kuɗin da ke tsaye a tsakar gida. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sana'ar ƙuli-ƙulin ma ban yarda ta gaza ba sai an bincika inda take yoyo. Mace za ta soya gyaɗa, ta murje, ta fece, ta kai inji, ta dawo ta zauna gaban turmi tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa har mai ya taso ya kwanta a sama, ta matse tunkuza da hannu, ta mulmula, ta tsaya gaban wuta har la'asar. In ka tambaye ta nawa ta ci, sai ta ce "an gode Allah", don ba ta taɓa haɗa kuɗin gyaɗa da niƙa da itace da gishiri da yaji da leda wuri ɗaya ta cire ba. Ki samu ƙaramin littafi ki rubuta wannan, da boko ko da ajami, na mako huɗu. Ki ware gwangwani biyu, ɗaya na uwar kuɗi ɗaya na riba, cefane kuma daga na riba kaɗai zai fita. Galibin ƙananan sana'o'in mata da na ga sun mutu, ba rashin ciniki ya kashe su ba: uwar kuɗin aka cinye a miya ba a sani ba.

Wani yoyon shi ne sayen gyaɗa tiya-tiya a lokacin da ta yi tsada. Wadda ta sayi buhu da kaka ta adana shi a wuri busasshe, ita ke cin ribar bazara. Jarin yin haka kuwa ba sai kin je nesa ba, domin dabarar a jiharku aka haife ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Mata kamar 20 zuwa 30 ke haɗuwa kowane mako, kowace ta yi zubi daidai ƙarfinta, a ƙirga a gaban kowa, a sa a akwatin ƙarfe da akan rufe da kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku dabam-dabam. Mai buƙata ta ranta ta juya ta mayar, a ƙarshen zagaye a fasa a raba. Kuɗin na nan cikin gari, kin san fuskar duk wadda ta taɓa shi. Wasu ƙungiyoyin suna ɗora ƙari a kan rance, abin da malamai da dama ba su yarda da shi ba, don haka ki tambayi ƙa'idar ta garinku kafin ki shiga. In bai kwanta miki ba, adashi na nan, ki roƙi a sa kwasarki ta faɗo da kaka.

In kina son ƙara wani kaya a kan na gyaɗa, ki zaɓi abin da ke ƙarewa a sake nema: sabulun wanki, omo, magi, lalle, turaren wuta, da hijabai da takalman yara in Salla ta matso. Akwai ƴan kasuwar da ke ba mace amintacciya kaya ta sayar ta kawo kuɗi, ba rajista ba kuɗin shiga, sai dai wani ya tsaya mata. Ki fara da kaɗan. Kuma kada ki zuba jarinki duka a kayan da sai sun tsallako iyaka, don kin gani da idonki: Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, ga canjin naira da sefa da ba ya zama wuri ɗaya. Gyaɗa kuwa a gonakinku take fita.

Bashi shi ne babban ciwon mai sana'ar cikin gida, domin masu sayenki danginki ne. Ba zai yiwu ki hana gaba ɗaya ba, amma ki sa masa iyaka tun farko: wadda ba ta biya na baya ba, ba a ƙara mata, kuma ki faɗa da murmushi cewa kuɗin na asusu ne, ranar zubi ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Mata sun fi jin wannan uzuri a kan "ba ni da shi". Ina kuma roƙonki, don Allah, kada ƙarin sana'a ya zama dalilin cire ɗiyarki daga makaranta a ɗora mata faranti. In dole sai an yi talla, a yi bayan an taso, cikin unguwa, a dawo kafin magariba. Maƙwabta in sun san ranar da kike matsar mai, da kansu za su aiko da kwalba.

Ga kuma wata hanya da za ta haɗa ki da ƙanwar mijinki a kan abin da zai amfane ku ku biyu. Tana Tasawa, bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, cikin matan ma'aikata da masu abincin sayarwa da ke neman man gyaɗa mai tsabta wanda ba a gauraya ba. Ta riga ta koyi yi wa mutane magana da sa hoton kaya a WhatsApp. Ki ba ta lita biyar da ƙullin ƙuli-ƙuli mai yaji ta gwada, ku yanka ladanta a kan kowace lita tun kafin kaya ya bar gida, kuɗinki kuma ta aiko ta Nita ko Amana ko ta hannun direban da kuka sani. Ki wanke kwalaben ki shanya su bushe sarai kafin ki zuba, don ɗigon ruwa kaɗan na sa mai ya yi wari.

Kafin ki yi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki kira maigida ki gaya masa yadda kuka yi da ƙanwarsa da abin da kika yanke, kada labarin ya iske shi ta wani bakin. In kuma ta kawo miki takardar kamfanin mai bayanin yadda ake rabon kaso, ki aiko mana da hotonta mu duba miki ita layi-layi.